Juma'ar Da Na Kashe Gurbin Marke

Da za a ce in zaɓi yini ɗaya a goge shi daga rayuwata, Juma'ar nan zan zaɓa, wadda na tsaya a bakin ruwa da kwalba a hannu mutane suna masallaci. Shekaruna sun haura sittin yanzu. Karatuna bai wuce allo da firamare ba, don haka a yi haƙuri da rubutun. Sunana ba zai amfane ku da komai ba, a gida dai Auta ake ce mini.

Ni mutumin wani ƙauye ne a gefen Toranke, cikin ƙasar Ajingi, kusa da kogin da ya gangaro daga Wudil. Da damina muna noman gero da dawa da wake, da rani mu shiga ruwa. Kamun kifi gadonmu ne. Mahaifinmu ya bar mu maza biyu, ni da yayana Idi, kuma da ya rasu Yaya Idi aka naɗa Sarkin Ruwa. Ina da mata, Hajara, da gona mai ciyar da mu. Ban taɓa kwana da yunwa ba. Na faɗi haka ne don kada wani ya nemo mini uzuri.

In ruwa ya janye bayan kaka, kogi yakan tsinke, sai wani wuri mai zurfi ya saura a gindin wata tsohuwar bishiyar marke. Shi muke kira Gurbin Marke. Duk kifin da ya tsira a nan yake taruwa, har damina ta dawo ya bazu ya hayayyafa. Shi ya sa gurbin yake da doka tun zamanin kakanni. Mai kamu don sayarwa, kwando ɗaya a rana, kuma da kwandon Sarkin Ruwa ake aunawa, ba da naka ba. Mai jefa fatsa don miyar gida ko don rage yini, kifi biyar. Wanda bai kai tafin hannu ba a mayar da shi. Giwan ruwa kuwa, babban kifin nan da wani ya fi ɗan akuya nauyi, ɗaya tal ake ɗauka a rana, ko kai wane ne. Ranar Juma'a ba a shiga, ruwa yana hutawa. Wanda ya karya, a karɓe komarsa ta kamun kifi, ba shi ba ruwa sai wata shekara.

Hanyar fita ɗaya ce, a nan Yaya Idi yake zama da kwandonsa. Ba mai faɗa ba ne. In mutum ya cika kwando ya yi masa tozo, sai ya tambaye shi yana dariya ko hula ya ɗinka wa kwandon, ya sa hannu ya share tozon ya koma ruwa.

Abin ya fara ne ranar da giwan ruwa biyu suka faɗa mini kafin hantsi. Na ɗauki na farko. Na biyun ina riƙe da shi zan saki, sai na ga ba mai kallona. Na zura igiya ta bakinsa ta fito ta gefen kunne, na nutse na ɗaure shi a saiwar marke a ƙarƙashin ruwa. Washegari na je na kwance shi, na kawo gaban kwando a matsayin kamun ranar. Na ce wa kaina ai ban karya doka ba, ɗaya na fitar jiya, ɗaya yau.

Bayan sati biyu igiyoyina a saiwar nan sun kai huɗu. Kifi ya fi kwanakin yawa, sai na nemi wata hanyar fitar da shi.

Akwai wani ɗan kasuwa daga Gaya, Ɗanladi, mai zuwa da babur da manyan kuloli biyu yana sayen kifi yana kai wa masu gidajen abinci. Bakinsa ba ya shiru. Kullum in ya ga kwandona sai ya ce, "Ƙanin Sarkin Ruwa guda, amma kamunka da na tsoho mai fatsa duk ɗaya. Ko sarautar gidanku ta kallon ruwa ce?" Masunta su yi dariya, ni ma in yi. Wata rana na bi shi har gindin babur na ce masa in yana son ƙari, ya same ni bayan gonar rake da azahar. Bai tambaye ni daga ina ba.

Haka muka yi rani guda. Rani na biyu na ƙara da gidan sauro, ina jan sa a gefen da rake ya kare ni, yana kwaso har 'ya'yan kifin da ba su kai ɗan yatsa ba. Ɗanladi ya ce su ma suna da masu so, a soya da yaji.

Wata la'asar Yaya Idi ya shigo zaurena, ya zauna a tabarma, ya zaro igiyoyi bakwai jiƙaƙƙu daga aljihu ya jera a gabana.

"Auta, wannan ƙullin Baba ne. Mu biyu ya koya wa, ni kuwa ban ɗaura ba."

Ya ce giwan ruwa biyar ya sake su da rai, biyu sun riga sun mutu a ɗaure, sun kumbura. Ya ce bisa doka gobe ya kamata ya karɓe komata a gaban jama'a, amma ba zai iya ba, don bai san da wane ido zai dubi Inna mahaifiyarmu ba, lokacin tana raye. Ya sa na yi masa alkawari, na yi. Ya tattara igiyoyin ya fita. Ban ji kunya ba. Haushin giwan ruwa bakwai na ji.

Da na gaya wa Ɗanladi hanya ta toshe, sai ya ce ai wahala nake so. Ya ce a wasu wuraren maganin ƙwarin da ake fesa wa wake ake ɗigawa a lungu ɗaya, kifi ya bugu ya taso, ka tsince abinka, sauran su farfaɗo. Na san ƙarya ce. Ni manomi ne, na san yadda nake wanke hannu da toka bayan feshi kafin in taɓa tuwo. Amma na bar shi ya gama bayaninsa, kuma ni na zaɓi ranar.

Juma'a na zaɓa, don ba kowa a ruwa, maza duk suna tafiya masallaci a Toranke. Na ce wa Hajara cikina yana murɗa. Da gari ya yi tsit na zaga ta bayan rake. Ɗanladi yana can yana jira, ya kashe babur. Kwalba biyu na zuba. Ina jin huɗuba sama-sama daga lasifika, iska na kawowa tana ɗaukewa.

Da farko ba abin da ya faru. Can sai karfasa ta fara tasowa tana juyi, sai tarwaɗa, sai ƙurungu. Giwan ruwa suka zo daga baya, a hankali, ciki sama. Ban taɓa sanin akwai masu girman haka a gurbin ba. Kafin a idar da salla kulolin sun cika, mun cika buhu, kifi bai daina tasowa ba. Maganin bai tsaya a lungu ba. Tun daga rake har gindin marke ruwan ya yi fari da cikin kifi, har da kwaɗi da kififiya. Ɗanladi ya daina surutu. Ya ɗaure kayansa ya tafi ba sallama. Na goge hannuna da yashi, na koma gida na kwanta.

Mata masu ɗiban ruwa ne suka fara gani. Suka zaci zafin rana ne ya bugar da kifin, kowacce ta cika ƙwarya da roba. Hajara ta shigo da nata tana murna, tana cewa in tashi in ga abin da Allah ya kawo. Na ce ta haƙa rami ta binne shi, kada ta bari ko kaza ta taɓa. Ta ajiye robar, ta dube ni.

"Malam, kai da kake kwance da ciwon ciki, yaya aka yi ka sani?"

Ban tashi ba. Na san a lokacin ana hura wuta a gidaje da yawa, na kuma san in na fita na ce kada a ci, za a yi mini tambayar da ta yi mini. Ita ce ta yafa mayafi ta bi gida-gida tana cewa kifin yana warin magani. Wasu sun ji, wasu sun riga sun ci. Ba ta kai gidan Iya Marka ba, wata tsohuwa da ke ƙarshen gari. Kwana biyu Iya Marka ta yi a asibiti ta rasu. Shanun Ardo Buba, makiyayin da ke shayarwa a gurbin kowace yamma, tara suka faɗi a bakin ruwa.

Da 'yan sanda suka zo, Sarkin Ruwa suka nema, tunda ruwan a hannunsa yake. Wani kuma ya ce ya taɓa ganin sa yana nutso shi kaɗai a gindin marke yana fitowa da igiyoyi. Aka tambaye shi igiyoyin na wane ne, ya ƙi faɗa. Ina tsaye cikin taron aka sa shi a mota.

Kwana goma sha ɗaya ya yi a tsare. Ni nake kai masa abinci Ajingi. In miƙa masa kwano, ya tambaye ni jikin Inna, ya tambaya ko an rufe masa rumbun wake. Sau ɗaya ya dube ni ya ce na rame, in riƙa cin abinci. Bai taɓa tambayata komai game da ruwa ba, ni ma ban ce komai ba. Ina so in ce muku zuciyata tana ƙuna a kwanakin nan, amma ba haka ba ne. Ina ci, ina salla, ina barci. Kamar an cire wani abu a ƙirjina an cusa auduga.

Ba ni na tona kaina ba. Kifin Ɗanladi ne ya kwantar da mutane a Gaya, aka bi sawu aka kama shi, tun kafin a maimaita tambaya ya faɗi sunana. A gona aka same ni. A kotu na amsa duk abin da aka karanta mini. Aka yanke mini shekara bakwai.

Game da gidan yari ba ni da dogon labari. Ana ƙirga mu da safe, ana ƙirga mu da yamma. Inna ta rasu a shekara ta biyu, a bakin wani mai ziyara na ji. Hajara ta zo sau uku, a na ukun ta roƙi takardar sakinta, ta ce ba ta iya zuba wa mutum abinci tana tuna yana kwance ana dafa wa maƙwabta guba. Na rubuta mata. Ta koma wurin danginta a Balan. Na kuma ji cewa ranar da aka saki Yaya Idi, bai shiga gida ba sai da ya je wurin dagaci ya faɗi maganar igiyoyi bakwai da bakinsa, ya ce ya ɓoye mai laifi don ƙaninsa ne, ya ajiye sarautar da ta yi kaka da kakanni a gidanmu. Bai taɓa zuwa ganina ba.

Da aka sallame ni, a bakin titi na sauka na taka zuwa gari. Na same shi a lambunsa yana ba albasa ruwa. Ya tsufa fiye da shekarunsa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa kamar jiya muka rabu, ya ce in jira ya ƙarasa kunya biyu ta albasa. Na jira. Da ya gama ya zauna a kan kunyar, na ce, "Yaya, ka yafe mini."

Ya daɗe yana kankare laka daga ƙafarsa.

"Kwana goma sha ɗayan nan nawa ne, Auta, na yafe tun ina ciki. Sarauta ma na yafe, ni na zubar da ita ranar da na rufa maka asiri. Sauran ba nawa ba ne. Ka je wurin masu shi."

Na je. Wata guda ina bin gidaje. Wasu sun ce Allah ya yafe mana gaba ɗaya, wasu sun aiko a ce ba sa nan. Ardo Buba ya tashi da sauran shanunsa tun shekarar, ba wanda ya san inda ya nufa. Ɗan Iya Marka ya saurare ni har na gama, ya ba ni ruwa na sha, sannan ya ce shi ba shi da bakin da zai yafe a madadin mahaifiyarsa, in bari sai mun haɗu da ita can. Na ce to.

Yanzu a lambun Yaya nake aiki. Muna yini tare, maganarmu ba ta wuce ta albasa da taki. Tarwaɗa da 'yar karfasa sun dawo gurbin. Giwan ruwa kuwa har yau ba wanda ya sake gani, matasan garin a bakin manya suke jin girmansa. Ina istigfari kullum, ban sani ba ko an karɓa.

Ku samari masu shiga ruwa, da masu sana'ar da aka yi wa iyaka kowace iri ce, ga abin da na sani. Ranar da kuka ji kuna yi wa kanku bayanin yadda abu bai zama karya doka ba, kun riga kun karya. In an ce ɗaya, ku ɗauki ɗaya ku fito. In ɗan'uwa ya rufa muku asiri, kada ku ɗauka hanya ya buɗe muku, wuyansa ya ba ku. In kuma ɓarna ta riga ta auku, ku tashi ku faɗa tun ana iya sauke tukunya daga wuta. Ni na kwanta. Don Allah kada ku kwanta.