Zafi 9472 a injin ƙyanƙyasar Kawu

Jama'a, yau saura ƙiris in ja wa Kawu Sale asarar ƙwai cike da inji, ina zaune a Takur.

Jiya na je Taura na haɗa masa 'yar na'ura a injin ƙyanƙyasarsa. Tana auna zafi, ta turo wa wayarsa ta intanet. Yau da hantsi sai ga kiransa.

"Auwalu, wayata ta ce zafi 9472. Na kashe injin."

Na ce, "Kawu, akwai hayaƙi?"

Ya ce babu, ƙwan ma ɗumi ne kawai.

Na roƙe shi ya kunna kafin su huce. Ya ce sai ya ji dalili.

Na buɗe kwamfuta. Ashe 37 ce, daidai yadda ake so. Lambar tana tafiya ne gutsure biyu, su ake kira bayit: babban yana ɗauke da sifili, ƙaramin yana ɗauke da 37. A ƙa'idar intanet babban ke gaba, haka wayar take karantawa. Ni kuwa na bar na'urar tana turo ƙaramin a gaba. Suka sauya wuri, 37 ta hau gurbin babban, ta ninku sau 256, ta zama 9472.

Na yi masa bayani.

Can ya ce, "Wato ita da ajami take rubutawa, waya tana karantawa da boko?"

Na ce, "Kusan haka ne, Kawu."

Sai na ji injin ya tashi.

Ya ce, "To zo ka sa su makaranta ɗaya. In ƙwan nan suka zama ɓaragurbi, kai za ka yi kwancin na gaba."