Taku Arba'in da Biyu daga Tsamiya

Kabarin mahaifiyata yana cikin wata tashar mota a Utako. Ba zan iya nuna wa kowa daidai inda yake ba, kuma ni na jawo hakan da hannuna.

Ina ɗan shekara shida ta rasu, lokacin wurin gonaki ne da 'yan bukkokinmu. Aka binne ta a bayan gida, yadda mutanenmu suka saba. Da birni ya cinye ƙauyen muka kwashe muka koma Orozo. Kabari ba ya ɗaukuwa a ka, sai Baba ya yi abin da manomi ya iya, ya auna. Ya jingina da wata tsamiya, ya fuskanci gabas, ya ƙirga taku arba'in da biyu har kan kabarin, ya rubuta a shafin ƙarshe na littafin addu'arsa na Turanci, wanda Fada, limamin cocinmu, ya sa wa albarka ya ba su ranar aurensu.

Da aka sare tsamiyar, kafin a tumɓuke kututturen ya je ya sake aunawa daga wani dutse. Aka fasa dutsen, ya auna daga turken lantarki. Aka matsar da turken, ya auna daga kusurwar katangar wani shago. Layi huɗu ke nan a shafin, da rubutunsa mai kama da tafiyar kaza.

Duk watan Nuwamba, watan da mu 'yan Katolika muke yi wa matattu addu'a, sai ya sa rigarsa ta coci ya hau mota har tashar. Ya buɗe littafin, ya ƙirga takunsa tsakanin motoci, 'yan kamasho na ta ihun Jos da Kaduna, ya cire hula ya tsaya. Idan ya tarar da mota a kan wurin, sai ya dafa ta ya yi addu'arsa. Na raka shi sau uku bayan na fara aikin gwamnati, kuma duk ukun kunya ce ta ishe ni. Can gefe nake tsayawa ina duba agogo, kada wani ɗan ofishinmu ya gan ni da tsoho yana magana da bas.

Sai labari ya zo cewa an sake fassara addu'o'in sujada daga Latin zuwa Turanci, wai tsohuwar fassarar ta yi sako-sako, ta yi nisa da asali. A cocinmu yarukanmu sun fi goma, don haka da Turanci ake sujadar safe. Ni ne shugaban kwamitin ibada a lokacin, kuma kaina ya kumbura ba kaɗan ba. Ni da ban san kalma goma ta Latin ba, na riƙa tsayawa gaban jama'a ina bayani kamar tare da ni aka zauna a Roma.

Makonni ukun farko coci ya zama kasuwa. Fada ya gaishe da jama'a, rabi su amsa da sabuwar magana, rabi da tsohuwa, sai dariya. Ni kuwa dariyar nan ƙona ni take yi. Na lura tsofaffi ne ke zuwa da tsofaffin littattafansu, na kawo shawara a karɓe littattafan duka a bakin ƙofa. Fada bai ce a yi ba, babu wasiƙar da ta zo daga sama, shawarata ce ni kaɗai. Abin da aka sa wa albarka ba a zuba shi a shara, ƙona shi ake yi a binne tokar, don haka na ce ranar Asabar za mu yi hakan a bayan coci.

Ranar Lahadi na tsaya a ƙofa da kwali. Ga Baba tafe, littafinsa a ƙirji. Mutane suka rage tafiya, suna so su ga ko uban shugaba zai tsira.

"Baba, littafin," na ce.

"Har wannan? Ka san abin da yake a shafin baya."

"Na sani. To a yage shafin mana."

Ya dube ni kamar na yi saɓo. "Littafin da Fada ya sa ma albarka? Ni ba zan yaga ba."

"To kawo, zan kwafe maka da kwamfuta, tsaf."

Ya daɗe yana shafa bangon da babban yatsa, sannan ya miƙo mini da hannu biyu. Tun da na sami aiki yake tsokanata da Oga. "Oga," ya ce, "ka riƙe da kyau."

Na ɗora shi a saman kwalin da niyyar cirewa bayan an tashi. Wasu littattafan suka hau kansa. Aka tashi, aka yi taro, aka yaba mini, na tafi gida ina jin daɗin kaina. Ranar Asabar da safe ni na ƙyasta ashana, har na sa aka ɗauki hoto. Sai da muke tura tokar cikin rami na tuna da littafin Baba, amma na ci gaba da tura ƙasa don mutane suna kallo.

Washegari Baba ya ce, "Ka kwafe?" Na ce, "Na kwafe, Baba, takardar tana ofis." Wata goma sha ɗaya ina maimaita wannan ƙarya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a lokacin ƙwaƙwalwarsa garau take. Da na faɗi gaskiya a makon nan, da mun hau mota ya nuna mini wurin ido rufe. Amma sai in ce na yi kuskure? Ni shugaba? Na yi shiru, kuma a cikin watannin nan mantuwa ta fara kama shi, har yakan nemi fartanyar da ke rataye a kafaɗarsa.

Nuwamba ta zo, ya sa rigar coci ya ce in kawo takardar. Na faɗa masa gaskiya. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Takalminsa kawai ya jawo ya sa.

A tashar, katangar shagon tana nan, amma ya rasa wace kusurwa ce, ya rasa taku nawa. Arba'in da biyu kaɗai ya riƙe, na tsamiyar da babu ita. Ya ƙirga ya nufi nan, ya dawo, ya nufi can. Wani direba ya danna oda ya leƙo: "Baba, ka matsa mana, motan zai fita!" Baba ya juyo gare ni ya ce, "Kai ba ka tuna ba? Ai ka zo da ni." Na zo da shi, sau uku, ina duba agogo.

Daga ƙarshe ya tsaya kusa da wasu tsofaffin tayoyi, ya cire hula, ya yi addu'ar da tsofaffin kalmomin da na hana. Da ya gama ya ce, "In ba nan ba ne, ta yi haƙuri." Bayan shekara biyu ya rasu. Bai sake tayar da maganar ba, bai kuma sake kirana Oga ba.

Sababbin addu'o'in kuwa, cikin 'yan watanni kowa ya haddace. Cocin da ke maƙwabtaka da mu ba su ƙona ko takarda ɗaya ba, kuma sun riga mu iyawa. A sabuwar fassarar mutum yana ambaton laifinsa har sau uku yana bugun ƙirji. Ni na koya wa jama'a wannan, ina tsawata wa masu bugawa da wasa. Yanzu duk Lahadi ina bugawa, kuma ban taɓa jin sauƙi ba.

Bara babbar 'yata ta ce za ta raka ni tashar. Muka tsaya jikin katangar, ta ciro waya don ta rubuta, ta ce, "Baba, daga nan taku nawa?" Na buɗe baki, ba abin da nake da shi sai arba'in da biyu, daga bishiyar da aka sare tun kafin a haife ta.