Na Ƙona Katakon Mahaifina

Assalamu alaikum Edita. Lokacin da abin nan ya faru ni saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ina ɗaukar karatu wajen wani malami a Haramin Makka, ga farar jallabiya ga girman kai, sai ka ce ni na haƙa rijiyar Zamzam. Muna zaune a unguwar Mansur cikin gidajen kwano da buhu na 'yan'uwanmu Takari, 'yan shekaru bayan an gama babban yaƙin Turawa. Ba abin da na tsana a duniya kamar a ce mini ɗan makaɗi, kuma ɗan makaɗin ne ni.

Da ƙafa mahaifina ya taso daga Kano. Neman guzuri ya tsayar da shi a Sudan, inda wani Bagirke mai gidan shaƙatawa ya ɗauke shi shara. Daga share ƙurar fiyano ya koyi buga shi, har ya zama shugaban makaɗan gidan. Da ya tsallako teku sai ya tarar a Makka ba a kiɗa, ko garmaho aka kama fasa shi ake yi. Ya koma ga-ruwa, amma mai hali ba ya fasa halinsa. Ya tara abokan sana'arsa biyar, in ana biki a unguwa su jera garewaninsu, wata da ruwa rabi, wata kusan cike, shi ke ƙarawa yana ragewa har sautin ya zauna, sannan su kaɗa da yatsu. In an hango masu hana kiɗa, ai 'yan ga-ruwa ne suke hutawa. Daga Mansur har unguwar Tandabawi ba a kai amarya sai da Usta, wato gwani, haka suke kiransa, kuma ko marar girshi ɗaya a aljihu ya gayyace shi sai ya je.

Yana da wani katako, girman babban allo, da ya zana wa layukan fiyano da gawayi da farar ƙasa. Bayan la'asar sai ya ɗora shi a cinya, ya lumshe ido, yatsunsa na gudu, ba sauti ko kaɗan. Na taɓa yi masa gatse a kai, ya ce shi yana ji, kuma yatsa in an bar shi mantuwa yake yi. Da ciwo ya shanye masa ɓarin dama, baki ya tafi, katakon nan ya zama bakinsa. Abokansa kan zo su zuba wa hannunsa na hagu ido, su gane waƙar, su rera ta ƙasa-ƙasa, shi kuwa ya yi murmushi da rabin baki. Hirarsu ke nan.

Wata rana malaminmu ya zo dubiya tare da ɗalibai. Na riga na juya fuskar katakon na jingine shi da bango. Wani ɗalibi ya ɗauka allo ne, ya juyo shi don ya ga surar da ke jiki. Da ya ga zanen sai ya tuntsire da dariya, ya ce ashe a gidan makaɗa nake fitowa ina yi musu fatawa. Malam ya yi wa Baba addu'a suka tafi. Wallahi ji na yi kamar an tuɓe ni a kasuwa. Inna ta hura wutar tuwo ke nan, na ɗauki gatari na faskara katakon na tura a murhu. Baba na kwance a tabarma bakin ƙofa yana kallona. Wani sauti ya yi daga maƙogwaro, wanda har yau yake cikin kunnena. Inna ba ta zage ni ba, cewa kawai ta yi ciwo ya yanke masa harshe sau ɗaya, ni na yanke na biyu.

Daga ranar ya juya wa bango fuska. Abokansa su zo su zauna jugum su tashi. Kullum ina cewa gobe zan nemi katako in zana masa wani, girman kai yana cewa bari sai jibi. Kwana goma sha biyu aka yi haka. Ranar ta ƙarshe, bayan azahar, ina ba shi ruwa sai ya damƙe hannuna ya kwantar a cinyarsa, ya fara bugawa a kan dantsena da yatsun hagu, a hankali, idonsa cikin nawa. Ba kowa a ɗakin sai ni, ni kuwa tun ina yaro nake toshe kunne in ya fara waƙa, ko ɗaya ban sani ba. Kafin la'asar ya cika.

Jama'ar da ta raka gawarsa ta ba ni tsoro, har da Larabawan da yake kai wa ruwa. Malam ya riƙe ni a maƙabarta ya ce ya ji abin da na yi, kuma shi bai taɓa karanta inda katakon da ba ya fitar da sauti ya dami kowa ba, amma ya karanta haƙƙin uba. Na je wajen babban abokin Baba ina kuka, na gwada masa yadda yatsun suka yi. Ya duba, ya sake dubawa, ya ce in yi haƙuri, wannan ba waƙa ba ce, na dagula ta.

Edita, na tsufa, na yi ɗawafi a madadinsa ba adadi, amma ban san ko yafe mini ya yi a dantsen nan ko ƙarata ya kai wajen Allah ba. Na gane dariyar ɗalibin nan ta ƙare kafin ya kai bakin lungu, ni ne na ɗauke ta na mai da ita addini. Ku samari masu jin kunyar sana'ar iyayenku, ku ji tsoron Allah, ku zauna ku koyi maganarsu tun suna iya yi muku bayani. Ni nawa ya yi mini tasa ta ƙarshe, ban ji ba.