Manjo Uzairu da Gadar Layinmu

A layinmu na Rikkos, idan ka jiyo tsaki tun daga nesa, Manjo Uzairu ne ke tafe. Dattijo ne gajere mai faɗin kafaɗa. Kunnensa na hagu ba ya ji, don haka yakan karkata kai in ana yi masa magana, kamar mai shirin musu. Yawanci kuma musun zai yi.

Haifaffen Gangare ne, haƙar kuza ce ta kawo kakansa Jos. Shi kuwa karatun injiniyan gine-gine ya yi, ya fara aiki da wani kamfani mai haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙauyukan Filato. Daga baya ya shiga soja, aka tura shi rundunar injiniyoyi. A can ya fasa hanya cikin daji, ya kafa gadar ƙarfe motocin yaƙi na jira a bayansa, ya jawo wa sansani ruwan sha. A shekarunsa na ƙarshe, shi da yaransa ne ke wucewa gaba suna tono nakiyoyin da aka binne a hanya kafin kowa ya bi. Ɗaya daga cikinsu ce ta tashi kusa da motarsa, ta tafi da kunnen.

Da ya yi ritaya ya tare a Rikkos da matarsa Kubra, sai mutanen unguwa suka ji an ce injiniya ne. Shi ke nan. Wannan ya kawo rediyo, wancan janareto, wata ta turo dutsen guga. Wata rana wata maƙwabciya ta zo da fanka a ka.

"Baiwar Allah, ni gada nake ginawa," in ji shi.

"To ai, Baba, wanda ya iya gada fanka ba za ta gagare shi ba."

Ya yi tsaki ya karɓa. Kubra ta ce laifinsa ne, don duk faɗan da zai yi, kafin la'asar ya kwance abin ya gyara.

Akwai rafi a bayan layinmu, a kansa kuma tsohon kwalbati ne ke haɗa mu da babban titi. Wata damina ruwa ya zo da ƙarfi ya tafi da shi. Aka shimfiɗa katako, 'yan makaranta na tsallakewa a kai iyaye na salati. An kai kuka inda ya kamata, aka ce ana duba lamarin. Da aka gaji da jira, shugaban kwamitin unguwa, Malam Datong, tsohon malamin makaranta kuma dattijon coci, ya kira taro, ya roƙi Manjo ya ja gaba mu gina da kanmu.

Manjo ya yarda, kuma tun a wurin ya fara da-na-sani. Bai gama bayani ba wani ya miƙe ya ce a jera durom uku a rufe da ƙasa. Wani ya ce akwai gangar jikin tsohuwar babbar mota, roka, a garejin ƙaninsa, a ɗora ta kawai. Wani kuma ya tambaya ko gadar za ta sami fenti.

"A bariki in na ce a tona, tonawa ake yi," in ji Manjo. "A nan in na ce a tona, sai a kafa kwamiti."

Aka bari damina ta wuce aka fara. Alhaji Mahdi mai gidan bulo ya ba da siminti da yashi, masu shaguna suka haɗa rodi, matasa suka ɗauki diga da shebur. Manjo ya ce sai an tona har an taras da dutse. Matasan sukan zo rana ta take, in an fara ƙwallo a gidan kallo kuma su sulale ɗaya bayan ɗaya. Ranar kwaɓa kankare ya kama Alhaji Mahdi yana ƙara yashi.

"Alhaji, me ke nan?"

"Haba Oga Manjo, ai ba jirgin sama ne zai sauka a kai ba."

"Jikokinka ne za su bi a kai. Kwashe."

Haka dai aka lallaɓa har aka zuba saman gadar. Manjo ya tara mu ya yi magana a hankali, kamar mai koya wa yara karatu. Kankare, in ji shi, a ido yana bushewa da wuri, amma ƙarfinsa a sannu yake zuwa. Sai an yi kamar wata guda ana ba shi ruwa safe da yamma. Ƙafa za ta iya bi nan gaba kaɗan, taya kuwa ko ta keke bai yarda ba. Kowa ya ce ya ji.

Ya kafa kujera a bakin gadar ya zauna da sanda. Nan ya gane kowa a Rikkos yana da uzuri. Mai keke napep ya ce fasinjarsa tsohuwa ce. Mai kura ya ce ruwansa ba nauyi. Wani ango ya zo da zugar motoci, Manjo ya sa amarya ta sauko ta taka da ƙafarta, dangi na harararsa.

Ranar wata Juma'a ya tafi masallaci, ya bar wa Malam Datong gadin. Sai ga Charles, direban tifar Alhaji Mahdi, da lodin yashi. Zagaye ta ɗaya hanyar akwai nisa, shi kuma mansa ya kusa ƙarewa. Ya sauko ya durƙusa.

"Baba, sau ɗaya ne. A hankali zan bi, ko ji ba za ta yi ba."

Malam Datong mutum ne da bai iya ganin mutum a durƙushe ba. Ya janye katakon da aka tare hanya da shi.

Manjo ya dawo ya ga sawun taya. Ya tattare babbar rigarsa ya sauka ƙarƙashin gadar. Muka leƙa muka gan shi yana bin wata doguwar tsaga da yatsa, daga wannan gefe har wancan. Ya hau, ya ɗauki kujerarsa, ya shige gida. Shirun nan ya fi tsakinsa ba mu tsoro.

Malam Datong ya bi shi har zaure yana murza hula.

"Manjo, ni na yi laifi. Ka yi haƙuri."

"Malam, na yi aiki inda ake harbinmu, gadata ba ta taɓa tsagewa ba. Sai a ƙofar gidana, a hannun abokina. Ku nemi wani."

Liman ya je, fasto ya je, bai fito ba. Abin da ya fito da shi daban ne. Wata safiya Kubra ta dawo daga cefane ta ce masa, kamar ba da wata manufa ba, "Baban Sumayya, ka huta abinka. Yara sun sami dabara, ga su can suna shafe tsagar da siminti."

Ko takalmi bai tsaya sawa daidai ba. Tun daga nesa yake ihu.

"Wa ya ce ku shafe? Ɓoye ta za ku yi, ta jira ranar da motar 'yan makaranta ke kai? A fasa! Duk saman nan a fasa!"

Aka yi cirko-cirko, don aikin makonni ne. Malam Datong ne ya fara ɗaukar guduma, da tsufansa, ya kai duka. Alhaji Mahdi ya kalli direbansa ya kalli ƙasa, ya ce a ɗebo siminti a shagonsa.

A karo na biyu mata ne suka karɓi gadin. Firisila, matar Malam Datong, ta dawo da kaskon ƙosanta tsakiyar hanya a wannan bakin, Kubra ta kafa tandar masa a wancan. Duk mai son wucewa da mota sai dai ya bi ta kan mai mai zafi. Har Manjo da kansa, ranar da ya turo baro da jarkokin ban-ruwa, Firisila ta tare shi.

"Oga, kai ka ce taya ba za ta hau ba."

Ya sauke jarkokin ya ɗauka da hannu.

Gadar ta yi ƙarfi, aka buɗe ta, damina ta zo ta wuce ba ta motsa ba. Mun zaci Manjo zai huta, sai mutane suka gano ƙarƙashinta wuri ne mai kyau na zubar da shara. Yanzu da hadari ya haɗu za ka gan shi cikin takalmin roba da manjagara, yana jawo ledoji da tsofaffin katifu, yana faɗa da duk wanda ya leƙo. 'Yarsa Sumayya ta gyara masa ɗaki a gidanta a Daɗin Kowa, ta ce ya koma can ya rabu da wahala. Ya ce mata ta bari tukuna, mutanen nan in ya juya baya mako guda za su toshe masa gada.