Namadi da Adakar Malam Zayyanu

Idan Namadi ya sallame sallar asuba, ba ya neman koko sai ya fara duba adaka. Tsohuwar adakar ƙarfe ce, tana ɗore a kan bulo huɗu a ɗakinsa da ke bayan kasuwar Bagudo, kowane bulo an zagaye shi da toka saboda gara. Yakan durƙusa ya shafa ƙasa da tafin hannu ya ji ko maƙiyan nasa sun fara gini, sannan ya buɗe ya duba ganyen dogonyaron da yake sakawa tsakanin takardun. Shekara goma sha takwas ke nan yana wannan hidima, ba wanda ya ɗauke shi aiki, ba wanda ya taɓa ce masa sannu. Abin dariya kuma abin tausayi, mutumin nan ko harafi ɗaya na boko bai iya karantawa ba.

Takardun na marigayi Malam Zayyanu ne, wani marubuci mai zaman kansa da ya riƙa aika wa jaridu labarin daji. Ba shi da ofis, ba shi da ubangida. Tanti gare shi da tukunya da alƙalami. Kowace kaka sai ya iso Bagudo, ya ɗauki Namadi da kwalekwalensa su bi gulbi har iyakar Benin, inda rana ta faɗi musu nan za su kafa tanti. Mutanen gari suna ce masa mai taɓin daji, don sun kasa gane yadda mai ilimi zai bar katifa ya je yana ƙirga itatuwa. Shi kuwa Namadi shi ne idonsa. Shi ya nuna masa inda dorina ke fitowa kiwo, da kurmin da gauraka ke sauka, da bambancin itacen madobiya da na maje tun daga nesa.

A shekara goma sha biyu Malam ya cika littafi arba'in da ɗaya. A cikinsu ya zana manyan itatuwa ɗari uku da sha biyu, kowanne da shafinsa da taswirar inda yake. Da ciwo ya ci ƙarfinsa, bai kai adakar ga danginsa ba, don ya san masu tsire ne za su gaji takardun su naɗe nama. Gidan Namadi ya kawo ta, ya zauna a kan tabarma yana haki.

"Namadi, ga amana. Duk iccen da anka sare, ka ja mai layi bisa hotonai."

"Malam, ni da ban san boko ba?"

"Ka san icce. Ya isa."

Malam bai sake ganin wata kaka ba.

Tun daga nan, da ruwa ya ɗauke sai Namadi ya naɗe littafi biyu ko uku a leda, ya shiga kwalekwale, ya bi sawun zangonsu ɗaya bayan ɗaya. Inda ya tarar da itace a tsaye, ya yi masa sallama ya wuce. Inda ya tarar da kututture, ya zauna a kai ya ciro 'yar kwalbar tawadarsa ta allo da alƙalamin kara, ya ja layi. Masu gawayi suka cinye kirya. Masu injin katako suka bi madobiya har tsallaken iyaka. Masuntan garin Lolo sun sha ganin dattijo zaune shi kaɗai a tsakiyar fili yana share ido da hannun riga, suna zaton rasuwa aka yi masa.

Mutanen unguwarsu ba za su manta da shekarar babbar ambaliya ba. Ruwa ya shigo gari da hantsi, kowa na jan buhun shinkafarsa, sai ga Namadi da adaka a ka, ruwa har ƙirji. Ya kai ta tudu, ya dawo ya tarar da rumbunsa ya tafi. Matarsa, Allah ya jiƙanta, ta yi wata guda ba ta yi masa magana mai daɗi ba, kuma in an bi gaskiya ba a ga laifinta ba. Da rana ta fito, maƙwabta na shanyar hatsi, shi yana shanyar takardu a kan tabarma, yana korar awaki.

Namadi, kai ne ka riƙe amanar da mai ita ba zai dawo ya tambaya ba. Kai ne ka yi wa daji zaman makoki lokacin da sauranmu muke tambayar farashin buhun gawayi. Ba ka taɓa hana kowa sara ba, don ba ka da wannan ƙarfin. Amma ka hana a ce ba a sani ba.

Bana yanar ido ta rufe masa gani, ko gaban kwalekwale ba ya gani. 'Yarsa Rabi, malamar firamare a Lafagu, ita ta rubuta wa wata jami'a cewa ga abin da ke ɗakin babanta. Aka turo Husna, ma'aikaciyar ɗakin adana takardu, da safar hannu da kwalaye. Tana buɗe littafin farko ta dafe ƙirji.

"Baba, wa ya ɓata waɗannan zane-zane haka? Amma kada ka damu, muna da yadda za mu goge tawadar."

Namadi ya juyo wajen da ya ji muryarta.

"Ɗiyata, kak ki goge. Malam ya rubuta abin da yag ga akwai. Ni na rubuta abin da ya tahi."

Husna ta cire safar hannun, ta zauna a ƙasa, ta bi shafukan har la'asar tana ƙirgawa. Layi ɗari uku da sha ɗaya ta samu. Shafi ɗaya tak ya rage babu layi: wani ƙaton madaci kusa da Lolo, inda suka kafa tantinsu na farko. Namadi ya yi kaka biyu bai iya zuwa ya gan shi ba. Ya ce adaka ba za ta fita gidansa ba sai an dubo, don ba zai miƙa amana da saura ba. Amma duk wanda ya san shi ya san abin da ke ransa. Muddin madacin nan na tsaye, gani yake wahalar Malam ba ta tafi a banza ba.

Washegari Rabi ta hau mashin ta tafi da taswirar. Namadi ya fito da tabarma ƙofar gida tun hantsi, ya ƙi cin abinci, duk ƙarar mashin da ya ji sai ya ɗaga kai. Da azahar ta dawo. A hanya ta yi ta shawara da zuciyarta ta ce masa yana nan, tunda ba gani zai yi ba, ba zuwa zai yi ba. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Rabi, shi na nan?"

Ta buɗe baki, ƙaryar ta ƙi fitowa. Sai ta kama hannunsa ta sa masa wani guntun ɓawo. Ya shinshina, ya kai bakinsa ya ɗanɗana ɗacin. Nan ya gane an sare madacin.

"Ɗanye na. Ba a daɗe ba." Ya damƙe ɓawon a hannu. "Ɗauko min tawada."

Husna ta ce, "Baba, a bar wannan ɗaya haka mana. Ba wanda zai sani."

"Ni na sani."

Ba ya ganin shafin, don haka Rabi ce ta riƙe masa hannu ta ɗora bakin alƙalamin a kan zanen. Ya ja layin a hankali, daga saiwa har rassa, hawaye na bin gemunsa. Ya hura tawadar ta bushe, ya rufe littafin, ya ce yanzu a ɗauka.

Mun gode, Namadi. Allah ya saka maka, ya haskaka idonka, ya jiƙan Malam Zayyanu. Mu kuma da muka iya boko, da idanunmu garau, kowa ya san wata bishiya a garinsu da ya yi wasa a inuwarta. A je a dubo ta tun tana tsaye, a tsaya mata.

Rabi ta ce har yau, da ya sallame asuba, yakan durƙusa ya shafa ƙasa tsakanin bulo huɗun nan, ya ji ko gara ta shigo.