Fuskar Babana a Cikin Jarida

Har yau in na ji warin ruwan wanke hoto, mai tsami-tsamin nan da ke hawa hanci, sai in tuna wata ranar kasuwar Jibiya da kakata ta ja hannuna muka shiga shagon mai hoto.

Ban san babana ba. Direban babbar mota ne tsakanin Jibiya da Maraɗi, ya rasu ina goye. Bai taɓa zama an ɗauke shi hoto ba. Abin da ya rage kawai guntuwar jarida ce: wani ɗan jarida ya zo ɗaukar jerin motocin da suka cika bakin iyaka a shekarun da kuɗin man fetur suka fara shigowa, sai babana ya faɗo a gefen hoton, ya dafa motarsa. Kaka na ajiye da ita a cikin adaka. In ka nisanta ta, mutum ne. In ka matso don ka ga idonsa, sai ya watse ya zama ɗige-ɗige.

Mai hoton Bamaraɗe ne, dattijo mai sanyin magana. Ya ɗauki guntuwar da kyamararsa, ya faɗaɗa, ya ce mu dawo. Da muka dawo, ɗigon nan sun yi girman wake. Kaka ta duba ta mayar masa.

"Wanga ba ɗana ba ne, Malam. Gero ne aka watsa bisa tabarma."

Bai ji haushi ba. Ya ari ɗankwalina, wani mai shara-shara, ya rufa wa idon kyamarar, ya ɗan karkatar da saitin har hoton ya yi dishi-dishi. Wannan karon ɗigon suka narke cikin juna, fuska ta fito kamar ta mutum a bayan labule. Sai ya fiƙe fensir, ya zaunar da Kaka kusa da shi a bakin ƙofa inda haske yake.

"Inna, ke za ki gaya mini sauran."

Kwana uku muna zuwa da hantsi. Kaka na cewa hancin bai kai haka faɗi ba, akwai tabo a haɓa inda jaki ya harbe shi yana yaro. Da suka zo kan ido ta rasa yadda za ta kwatanta. Sai ta kama haɓata ta ɗaga.

"Duba nan. Nashi ne ta ɗauko."

Ranar da ya gama, Kaka ta daɗe tana kallo. Sai ta rangaɗa guɗa a tsakiyar shagon, har 'yan dako suka leƙo. Wani tsohon direba ya cire hula ya ce, "Wallahi shi ne!" Ni na ɗauko hoton zuwa gida a kaina, ban yarda kowa ya karɓa ba. Innata, don kunya, ta ƙi dubawa a gaban surukarta, amma na gan ta daga baya ta tsaya a gabansa da tsintsiya a hannu.

Yanzu jikata tana aiki a shagon kwamfuta. Ta ɗora guntuwar jaridar a na'ura, cikin minti biyu ta share ɗigon kaf. Hoton ya fito sumul, ba shakka aiki ya yi kyau. Na yi ta kallon mutumin da ke ciki, ban san shi ba. Na'urar ba ta da uwar da za ta tambaya kamanninsa.