Tsohon Jirgin da Malam Ya Duba wa Ƙafa

Ku matso kusa, ku aro mini kunnuwanku. Ga ta nan gare ku, sai dai wannan ba tatsuniya ba ce. Da ƙafata na taka ta, da idona na gani.

Maigidana, wanda nake kira Malam, manomi ne a wani ƙauye gefen Miga, kuma da shanun huɗa ya yi rayuwarsa. Ba ya ɗora wa sa karkiya sai ya zagaya shi, ya shafa wuyansa, ya ɗaga ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya ya duba kofato. In an tashi daga gona ya kwance su, sai ya bubbuga musu doro ya ce, "Sannunku da aiki." Maƙwabta suna yi masa dariya, shi kuwa ko a jikinsa.

A shekarar da nake ba ku labari, ɗan farina, wanda ba na kama sunansa, yana aikin gwamnati a Dutse, ya biya mana kujerar Makka mu biyu. A shekarar ce kuma aka ce karon farko babban jirgi zai sauka a Dutse, ya ɗebi alhazai, ya miƙe da su har Madina ba yada zango. Kafin nan sai an kwashi mutane a mota zuwa Kano. Har mutanen ƙauyenmu suna cewa ashe sama ma ta san hanyar garinmu.

Gwiwoyin Malam kuwa sun riga sun fara gardama. Ni da shi mun sani, ko da ba mu faɗa wa juna ba, in bai je bana ba, da wuya ya je baɗi. Ni kuma na ƙudura a raina ba zan ga Ka'aba shi yana gida ba.

Ranar tashi da hantsi muna sansanin alhazai, kowa da jakarsa, sai wani Alhaji ɗan kasuwa daga Garki, wanda ya sha zuwa Makka, ya shiga ba maza labarin jirgin. Yabonsa yake yi. Ya ce, "Ai na san shi, mai bene ne, injinsa huɗu. Tsoho ne tukuf, ya ɗauki iyaye ya ɗauki 'ya'yansu. An ce ma ya kusa hutawa."

A duk maganar, tsoho kaɗai Malam ya ji. Ya ja jakarsa gindin wata darbejiya, ya zauna a kai, ya ce shi ya fasa.

Ɗan nawa, da ya zo rakiya, ya durƙusa gabansa. "Baba, kullum ana duba shi. Akwai ma'aikatan da aikinsu ke nan."

"Kai ka duba?"

"A'a, Baba."

"To. Ni ban taɓa kai tsohon sa gona mai nisa a kan maganar dillali ba. Balle teku."

Alhajin Garki ya zo yana ba da haƙuri, yana cewa bakinsa ne ya ja. Malam ya ce masa, "Alhaji, ai gaskiya ka faɗa, Allah ya saka." Malamin da ke koya mana aikin hajji ya yi masa nasiha a kan tawakkali. Malam ya saurara har ƙarshe, ya ce shi ma ya yarda da Allah, amma ai an ce a ɗaure raƙumi tukuna.

Ban sa baki a gaban maza ba. Na bari sai da suka watse, na ja tawa jakar, na zauna gefensa, na tuɓe takalmana.

Ya ce, "Ke kuma fa?"

Na ce, "Motar Miga nake jira."

"Tashi ki bi matan garinmu. Ke ai ba ki ce kin fasa ba."

"Malam, tun ina amarya nake kai maka abinci gona, ban taɓa ci kafin ka ci ba. Yau zan fara?"

Can gefe an fara kiran sunaye, mutane suna shiga motocin da za su kai su filin jirgi. Na ce masa, in ya yarda in yi magana ɗaya. Ya ce in yi.

"Jan san nan mai karyayyen ƙaho, wa ya kai shi tsufa a turkenka? Amma duk sabon da ka sayo a Gujungu, da shi kake haɗa su, don shi ne mai miƙe kunyar huɗa."

"Wannan ni na san ƙafarsa. Kullum sai na duba."

"To mu je ka duba ta wannan. In ba ta yi maka ba, mu dawo tare, ba zan ce uffan ba."

Ya jawo sandarsa. Sannan ya miƙa mini hannu na tashe shi, abin da bai taɓa yi a gaban mutane ba.

Da muka fito fili na ga jirgin, sai da na yi salati. Fari ne, mai doro a ka, tsayinsa ya fi ƙaton rimin kasuwarmu in an kwantar da shi. Aka jera mu a layi zuwa matakala. Malam ya fita daga layin, yana dogara sandarsa, ya nufi wajen tayoyi. Wani ma'aikaci ya tare shi da ladabi, ya ce, "Baba, nan ne iyaka." Ya tsaya a nan yana leƙe, ni ina bayansa.

Sai ga wani dattijo mai furfura, da farar riga, yana zagaya jirgin a ƙasa shi kaɗai. Ya tsaya a kowace taya ya sunkuya ya duba. Ya leƙa bakin kowane inji. Ya ɗaga kai ya bi cikin jirgin da kallo tun daga gaba har wutsiya, ba gaggawa. Da ya zo wucewa ya ɗan dafa ƙarfen ƙafar gaba.

Malam ya tambayi ma'aikacin, "Wancan wane ne?"

"Matuƙin ne, Baba."

"Shi ma zai shiga?"

"Ai shi zai ja mu."

"Kullum haka yake yi?"

"Ba ya tashi sai an zagaya."

Malam ya juyo ya dube ni. Ya ce, "Mai shi ya san ƙafarsa. Sa takalminki da kyau, kada ki faɗi a matakala."

Muka hau. Da jirgin ya zabura na runtse ido, kunnuwana suka toshe. Da na buɗe, sai ga duwatsun Dutse a ƙasa kamar an zubar da tsakuwa, ga gonakin gero kore shar, don ƙarshen damina ne. Daga nan sai gajimare, daga nan sai rairayi ja wanda ba shi da iyaka, daga nan sai ruwa. Aka kawo shinkafa a ɗan faranti mai murfi. Muka yi salla a zaune. Malam ya kasa kunne ga ƙugin injin ya ce shanu huɗu ne a karkiya biyu, kuma babu mai jan baya a cikinsu. Bayan haka ya yi barcinsa har da minshari, ni ce ban runtsa ba.

Da muka sauka Madina, a bakin ƙofa ya tsaya, mutane suna jira a bayansa. Ya bubbuga jikin jirgin da tafin hannu ya ce, "Sannu da aiki." Ma'aikaciyar da ke tsaye a wurin ba ta jin Hausa, amma ta yi murmushi.

Muka yi ziyara, muka yi hajjinmu. A ɗawafi hannunsa yana kan kafaɗata.

Bayan wasu shekaru ɗan nawa ya zo gida da hoto mai motsi a wayarsa, ya ce an sallami jirgin. Muka ga motocin kashe gobara suna fesa masa ruwa ta gefe biyu, yana wucewa a hankali. Lokacin Malam ba ya iya fita ko zaure. Ya riƙe wayar kusa da idonsa.

"Wanka suka yi masa. Sun kyauta. Daga nan fa?"

"Za a cire injinan, Baba, a yanka jikin a narkar."

Na zaci zai ji ciwo. Sai ya ce, "Haka ake yi wa sa. Fata a yi takalmi, ba a zubar da komai. Ya dai kai kayansa tukuna."

Malam ya rasu a daminar da ta biyo, a ɗakinsa, da sunan Alhaji. Ɗan farina ya bar aiki, yana noman dabino a bayan Dutse, kuma shi ya riƙe shanun, an ce har ƙafa yake ɗaga musu. Alhajin Garki yana nan, duk sallah sai ya aiko mini da goro. Matuƙin ban sake jin labarinsa ba, amma yana cikin addu'ata. Ni kuwa ga ni, na sayi sabuwar tukunya wajen masu narka ƙarfe a kasuwar Shuwarin. Ban ce daga jikin jirgin take ba. Sai dai in na sauke ta daga murhu, nakan ce mata sannu.

Nan ta tsaya, ku karɓi kunnuwanku.